Kanwa Ta Kar Tsami: Tarihin Layuka Uku da Yaranmu Ke Haddacewa



Duk wanda ya bi ta Birnin Kudu ko Gwaram a watannin da ke gaban jarrabawar fita sakandare, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa, zai ga abin da muke son mu tattauna a kai. 'Yan ajin ƙarshe sun bazu, wasu a gindin darbejiya, wasu a barandar masallaci bayan Isha'i inda fitilar sola ke haskawa, kowa da littafinsa yana maimaita abu ɗaya kamar mai tilawa. In ka matsa kusa da ɗan ajin kimiyya, ba mamaki ka tarar da shi a kan layuka uku na Turanci: ma'anar asid da bes a wurin Arrhenius, ma'anarsu a wurin Bronsted da Lowry, da ma'anarsu a wurin Lewis. Mu ma mun yi wannan tilawar a zamaninmu. Mun haddace su tsaf, muka zuba su a takardar amsa, muka fito muka bar su a can. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mana shi ne dalilin da ya sa abu ɗaya yake da ma'ana har uku. Wa ya yi kuskure a cikinsu? In kuwa babu mai kuskure, me ya hana ta farko ta wadatar?

Kada a ɗauka maganar ƙarama ce. Yarinyar da ke son shiga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, da yaron da ke mafarkin wata rana ya sa farar riga a asibitin tarayya na garin, dole su samu kiredit a kemistiri, in ba haka ba ƙofar ta rufe. Babin asid da bes kuwa yana bin ɗalibi duk inda ya shiga: yana cikin tambayoyin rubutu, shi ne ƙashin bayan jarrabawar gwaji, yana kuma jiran sa a JAMB. Hadda ba tare da fahimta ba tana kai yaro ne har inda mai tambaya ya ɗan murɗa tambayar, daga nan sai a yi cirko-cirko.

Alhali kuwa tun kafin yaron ya san hanyar makaranta ya ji kakarsa tana cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Muna faɗar haka ne in rigima ta mutu, amma a zahirinta maganar bayani ce na kimiyya. Cikin ɗan Adam yana fitar da asid don narkar da abinci, wanda wani likitan Ingila mai suna William Prout ya tabbatar a 1823 cewa asid ɗin haidirokilorik ne. In ya yi yawa ya taso, sai a ji ƙwarnafi. A jiƙa kanwa a sha, ta haɗu da shi, su kashe juna. Wannan shi ne abin da littafi ke koya wa yaro da cewa in asid ya haɗu da bes sai a samu gishiri da ruwa. Bahaushe ya riga ya dunƙule shi cikin kalmomi huɗu.

Mu leƙa madafa mu gani. Tsamiya, lemun tsami, yakuwa, zoɓo, nonon da ya kwana: duk jama'a ɗaya ce, kowanne da irin asid ɗinsa, na tsamiya daban, na lemo daban, na nono daban. A ɗaya gefen ga kanwa da ruwan toka. Mai miyar yakuwa ta san in tsami ya yi yawa sai ta ɗiga ruwan kanwa, miyar ta yi kumfa ta lafa. Mai dafa wake ta san kanwa na sa shi saurin nuna. Mai ɗanwake ba ta kwaɓi sai da ita. Mai sabulun salo ta san in ta tace toka ta dafa ruwan da mai, sabulu zai fito. Marina sun san baba ba ya sakin shuɗinsa a karofi sai an sa toka. Ba banza aka ce kanwa uwar gami ba. Kuma kanwar nan tana da nata tarihin na fatauci, domin shekaru aru-aru fatake suna ɗauko ta daga ƙasar Barno da gaɓar Tafkin Cadi da yankin Manga, a bayan jakuna da takarkarai, su bazu da ita kasuwannin ƙasar Hausa har zuwa Kurmi. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan wannan ciniki na gishiri da kanwa a 1986. Har yau in ka shiga kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ba za ka rasa ta a tire ba, ja da fara.

To iyayenmu sun san aikin, kamar yadda sauran al'ummu suka sani. Abin da duniya ta ɗauki ƙarnuka tana kokawa da shi shi ne amsar tambaya ɗaya: mene ne a cikin tsamiya da lemo da nono da ya sa suka zama dangi, kuma mene ne a cikin kanwa da toka da ya sa suke kashe su?

Su kansu sunayen suna ɗauke da labarin. Kalmar asid daga Latin ta fito, ma'anarta abu mai tsami, ba wani abu ba. Kalmar alkali kuwa, wadda littafin ke kiran bes mai narkewa a ruwa da ita, Larabci ce, al-ƙili, wato tokar wani tsiro da Larabawa ke ƙonawa su yi sabulu da gilashi. Mun tuna yadda aji ke fashewa da dariya ranar da malam ya fara rubuta ta a allo, kowa na tambaya ko har a kemistiri akwai kotu. Babu dangantaka: alƙalinmu daga al-ƙadi ya zo, nasu kuma toka ce. Daga wannan al-ƙili aka samo harafin K da ake rubuta wa sinadarin fotasiyam, kamar yadda aka samo Na na sodiyam daga natrun, sunan da Larabawa da mutanen Masar ke kiran irin kanwarsu. Yaron da ya sha wahalar tuna dalilin da ya sa sodiyam ba S ba ne, da an ce masa ai sunan kanwa ne, da ya huta.

Ga wani ɗan ratse mai amfani. A Turancin Najeriya ana ce wa kanwa fotash, sai mutum ya zaci fotasiyam ne a cikinta. Mafi yawanta sodiyam ne, ɗan uwan wanda ke cikin gishirin miya. Shi ya sa a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, da suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Suna ɗaya da aka laƙaba ba daidai ba yana iya ɓoye abin da ya kamata a gani. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Malaman Musulunci na da sun yi aiki babba a nan. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya kasa sinadarai gida-gida a littafinsa na asirai, ya ba gishirin ƙili da natrun gurabensu. Akan jingina wa Jabir bn Hayyan gano manyan asid masu cin ƙarfe, kuma mu ma mun so a ce haka ne, sai dai masu binciken tarihin sun nuna cewa bayanin haɗa su dalla-dalla ya fito ne a wasu littattafan Latin na wajen ƙarshen ƙarni na 13 da aka rubuta da sunansa. Marubuci ba ya ƙara wa nasa gishiri don yana son su. Abin da suka yi na gaskiya ya ishe su alfahari.

Matakin farko na zamani ya zo ne a 1664, lokacin da Robert Boyle a Ingila ya wallafa gwaje-gwajensa a kan launuka. Ya lura cewa ruwan wani fure mai launin shuɗi-shuɗi yana komawa ja in an ɗiga masa asid, yana komawa kore in an ɗiga masa alkali. Daga nan aka daina dogara ga harshe, aka samu shaida da ido ke gani. Takardar litmos da ake ba yara a ɗakin gwaji jikar wannan gwajin ce. Mu kuma muna da namu furen. A dafa zoɓo ba sukari, a zuba a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, a zuba ruwan kanwa a ɗaya. Na farko zai ƙara ja ya yi haske, na biyu zai rine ya yi duhu yana neman kore. Abin da Boyle ya gani ke nan, kuma ana iya ganin sa a kowane tsakar gida a Gwaram da kuɗin da bai kai na katin waya ba.

Boyle ya faɗi yadda ake gane su, bai faɗi abin da suke ba. Kalmar bes ma sai a 1754 wani Bafaranshe, Rouelle, ya tsayar da ita, yana nufin abin da asid ke zama a kai ya daskare ya zama gishiri, kamar harsashin gini. Ɗalibin wannan Rouelle ɗin, Antoine Lavoisier, shi ne ya fara cewa ya gano sirrin. Ya ƙona farar wuta, ya ƙona fosfaras, ya ƙona gawayi, ya ga duk abin da ya fito in an narkar da shi a ruwa asid yake zama. Me suka haɗa? Dukkansu sun sha wata iska da aka gano a 'yan shekarun nan. Sai ya yanke hukunci cewa wannan iskar ita ce uwar tsami, kuma a 1777 ya raɗa mata suna daga Girkanci mai ma'anar mai haifar da asid. Sunan shi ne oksijin. Jamusawa suka fassara shi kai tsaye, har gobe sinadarin tsami suke ce mata.

Lavoisier ba ƙaramin mutum ba ne, shi ake kira uban kemistirin zamani, kuma ƙarshensa abin tausayi ne, domin masu juyin juya halin Faransa sun fille masa kai a watan Mayun 1794. Amma a wannan maganar ya yi kuskure. Akwai wani asid da ake samu daga gishiri, wanda muka ce yana cikin tumbinmu, da aka yi ta neman oksijin a cikinsa ba a samu ba. Saboda girman Lavoisier, masana suka ce lallai tana nan, ɓuya ta yi. Humphry Davy na Ingila ya ɗauki koriyar iskar da ake fitarwa daga wannan asid, ya gasa ta da gawayi mai zafin gaske, ya bi ta duk hanyar da ya sani don ya tatso oksijin, ko ɗigo bai samu ba. A 1810 ya fito ya ce babu ita, iskar nan sinadari ce mai zaman kanta, ya sa mata suna kilorin. Asid ɗin kuwa haidirojin ne da kilorin kawai. Manyan masana irin su Berzelius na Suwidin sai da suka yi shekaru suna turjiya kafin su sallama. A 1838 Justus von Liebig na Jamus ya ɗaure maganar: asid abu ne mai ɗauke da haidirojin wanda ƙarfe zai iya maye gurbinsa.

Ra'ayin ya mutu, amma sunan ya ƙi mutuwa. Duk lokacin da nas a asibitin Birnin Kudu ta ce a kawo oksijin, kuskuren 1777 take maimaitawa ba tare da ta sani ba, kuma ba wanda zai iya gyara shi yanzu. Mu da muke son ƙirƙiro wa Hausa kalmomin kimiyya, wannan labarin namu ne fiye da na kowa.

Sai mu zo kan mutumin farko a cikin layukan nan uku, kuma da ma a ce kowane ɗan ajin ƙarshe ya san labarinsa, domin shi ma jarrabawa ta taɓa ba shi kunya. Svante Arrhenius ɗalibi ne a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin. A 1884, yana ɗan shekara 25, ya miƙa kundin digirinsa na uku a kan yadda ruwan da aka narkar da gishiri a ciki ke wuce da lantarki. Tunaninsa shi ne, in gishiri ko asid ya shiga ruwa, rabuwa yake yi zuwa 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ayon. Malamansa ba su gamsu ba, suka ba shi sakamako na ƙasa-ƙasa, irin wanda da ƙyar zai ba mutum aikin koyarwa a jami'a. Bai zauna yana kuka ba. Ya aika kofen kundin ga masana a wasu ƙasashe, har Wilhelm Ostwald ya taso takanas daga birnin Riga ya zo ya gan shi. A 1887 ya fitar da cikakken bayanin, a 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aikin dai. Ɗaya daga cikin malaman da suka raina kundin, Per Cleve, yana cikin kwamitin da ya zaɓe shi.

Ma'anar da ta fito daga aikinsa mai sauƙi ce: asid shi ne abin da ke sakin ayon na haidirojin, H+, in ya shiga ruwa, bes shi ne abin da ke sakin ayon na haidiroksaid, OH-. In suka haɗu, H+ da OH- su rungumi juna su zama ruwa, ragowar su zama gishiri. A karon farko aka samu abin da za a iya aunawa. Shi ya buɗe wa Sorensen hanya a 1909, a ɗakin binciken wani kamfanin giya a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, ya fito da ma'aunin pH: ruwa tsantsa 7, ruwan lemun tsami wajen 2, jinin mutum tsakanin 7.35 da 7.45. Abin da yara suka fi mantawa shi ne kowane taki ɗaya a wannan tsani ninki goma ne. Abin da ke kan 3 ya fi wanda ke kan 5 yawan H+ sau ɗari, ba sau biyu ba.

To me ya hana a tsaya nan? Abu biyu. Na farko, ma'anar ba ta aiki sai a cikin ruwa. Amma in ka buɗe kwalbar amoniya kusa da kwalbar asid ɗin haidirokilorik, iskokinsu za su haɗu a sarari su yi farin hayaƙi, gishiri ya samu, ba tare da an narkar da komai a ruwa ba. Na biyu, ita amoniya, NH3, duba ta da kyau, babu OH a jikinta, amma tana juya litmos shuɗi kamar kowane bes. Kuma ba ita kaɗai ba. Kanwarmu ma haka take. Abin da ke cikinta kabonet ne na sodiyam, babu haidiroksaid a ginin jikinta. Wato bes ɗin da Bahaushe ya fi sani, wanda ya sa a karin magana, yana cikin waɗanda ma'anar Arrhenius ba ta iya ɗauka sai da kwana-kwana. Da an gaya mana wannan muna aji biyar, da mun san dalilin layi na biyu.

Layi na biyun ya zo a 1923, daga mutum biyu da ba su haɗa baki ba, Johannes Bronsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila. Suka ce a bar maganar abin da ke cikin jikin sinadari, a dubi abin da yake aikatawa. H+ ba komai ba ne illa furoton guda. Asid shi ne mai bayar da furoton, bes shi ne mai karɓa. Shi ke nan. Amoniya bes ce don tana karɓa. Kabonet ɗin kanwa bes ne don yana fizge furoton daga asid ɗin tsamiya, kuma in ya karɓi biyu sai ya watse ya zama ruwa da iskar kabon, wadda ita ce kumfar da mai miyar yakuwa ke gani. In kuma a ruwa zalla aka jiƙa kanwar, daga ruwan take fizgar furoton, ta bar OH- a baya, sai ga abin da Arrhenius ke nema ya bayyana ta bayan gida.

A nan ne mai tambaya ya fi son ya kafa tarko, don haka bari mu ɗan dakata. In asid ya ba da furoton, abin da ya rage masa ya zama mai jiran a mayar masa, wato ya zama bes. Wanda ya karɓa kuma yanzu yana da abin bayarwa, ya zama asid. Kamar rance ne: da ka ba da, ka zama mai jiran karɓa, da ka karɓa, ka zama wanda zai bayar. Waɗannan su ne tagwayen da ake cewa yaro ya fitar a cikin lissafin haɗuwar sinadarai, kuma bambancin kowane biyu furoton ɗaya ne tak. Shi kuwa ruwa ɗan kasuwa ne, a wannan rumfa mai saye, a waccan mai sayarwa: in ya gamu da asid ya karɓa, in ya gamu da amoniya ya bayar. (Ita amoniyar nan, da ita ake yin takin yuriya da manomanmu ke bi layi su saya. Babbar masana'antar yuriya da aka buɗe a Legas a 2022 kuwa ta Aliko Dangote ce, wanda tsohon ɗalibin kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ne. Duniya ba ta da faɗin da muke zato.)

A cikin wannan shekarar dai ta 1923, Gilbert Lewis na jami'ar Kalifoniya a Amurka ya zo da layi na uku, ko da yake sai bayan shekaru goma sha biyar, da ya sake faɗaɗa shi, aka ba shi muhimmanci sosai. Shi ya ce a bar bin furoton, a bi ilektaron. Bes shi ne mai bayar da ilektaron guda biyu a haɗe, asid shi ne mai karɓar su. Nan kan yara ke juyewa, domin ɗazu an ce asid mai bayarwa ne, yanzu an ce mai karɓa ne. Amsar tana kasuwa. A kowane ciniki kaya suna tafiya ta nan, kuɗi suna tafiya ta can. Bronsted ya sa ido a kan kaya, Lewis ya sa ido a kan kuɗi. Ɓangaren da kaya suka fito shi ne ɓangaren da kuɗi suka nufa. Misali ne dai, kuma kowane misali yana da inda yake ɗingishi, amma ya isa ya hana yaro juya amsa. Ribar kallon Lewis ita ce ya haɗo har cinikin da babu haidirojin a cikinsa sam, kamar haɗuwar amoniya da sinadarin BF3 da littattafai ke yawan kawowa, ko yadda ƙonannen farin dutse ke shan iskar kabon ya koma dutse. An tsayar da Lewis takarar Nobel sau 41 bai taɓa samu ba.

Ka ga ashe ba ma'anoni uku ne masu gaba da juna ba. Kowacce ta zo ne don wani abu ya ƙi shiga cikin ta gabanta, sai aka faɗaɗa zauren. Daga Boyle zuwa Lewis shekara 259 ke nan ana ja-in-ja.

Ta yaya wannan doguwar rigima ta iso mana a matsayin layuka uku? Ta hanyar manhaja da jarrabawa. An kafa hukumar WAEC a 1952, JAMB a 1978, NECO a 1999. Lokacin da tsohuwar jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma sun yi rawar gani. Littafin Ababio ya zama abokin kwanan ɗalibai a faɗin ƙasar nan. Ba mu ga laifin littafin ba, aikinsa ya shirya yaro ga jarrabawa, ba ya ba shi labari ba. Amma sakamakon shi ne ilimin ya zo mana a tace, an zubar da tarihin, an bar tsaki, kuma cikin harshen da yaron Fagam ko Basirka ba ya mafarki da shi.

A makarantar da muka yi, wadda ba sai mun kama suna ba, sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawar gwaji muka fara riƙe buret a hannunmu. Malaminmu, Allah ya saka masa, ya tara mu mu fiye da talatin a kan guda biyu. Aka ɗiga ruwan shaida a cikin bes ya yi rawaya, ana sakin asid ɗigo-ɗigo, ana kaɗawa, can sai launin ya juya. Wani daga baya ya ce, kai, wannan ai zoɓon inna ne. Aka yi dariya, malam ya ce a yi shiru a rubuta lamba. Mun daɗe kafin mu gane cewa wannan yaron shi kaɗai ne ya fahimci darasin a ranar.

Rubuta kimiyya da Hausa ba baƙon abu ba ne. Tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, suna bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausar da yaro zai bi ba tuntuɓe. A iya karatunmu, tun daga nan alƙalumanmu sun yi nisa a ƙagaggen labari da waƙa, sun bar wannan fagen da ƙarancin ma'aikata. Kuma aikin ba fassara ba ne kawai, akwai wuraren da Hausa ta fi Turancin fayyacewa. Ɗauki tambayar da ke kayar da yara kowace shekara, bambancin asid mai ƙarfi da wanda aka tattara da yawa. Da Hausa sai mu ce ƙarfi daban, kauri daban. Mai ƙarfi shi ne wanda ke sakin furoton ɗinsa gaba ɗaya a ruwa, rarrauna kuwa kaɗan yake saki. Kauri kuma yawansa ne a cikin ruwan, kishiyarsa tsululu. Ruwan lemun tsami da ba a sirka ba yana da kauri amma rarrauna ne. Ruwan batir ko an tsinka shi ya yi tsululu, mai ƙarfi ne. Duk wanda ya taɓa dama kunu ya gane.

Inda muka maƙale shi ne sunayen kansu. Muna iya cewa dangin tsami da dangin kanwa, kuma da daɗin faɗa. Amma tsami aikin harshe ne, kuma ba ma son yaro ya ɗauka ana gane asid da ɗanɗano, a garin da ake sayar da ruwan batir a bakin titi, mata kuma ke ajiye sodar yin sabulu a ɗaka. Sa'annan in muka sa wa dukan bes sunan kanwa, mun raɗa wa zuriya guda sunan mutum ɗaya daga cikinta, irin abin da ya faru da oksijin da fotash. In kuma muka ce mabayi da makarɓi, mun bi Bronsted, Lewis zai zo ya juya mana su. A wannan rubutun mun bar su a asid da bes, don su yaron zai tarar a takardar tambaya, amma ba mu ce mun gamsu ba.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A dafa zoɓo a zuba a kofin gilashi uku. A bar ɗaya yadda yake, a matsa lemun tsami a na biyu, a zuba ruwan kanwa a na uku. Sa'annan a riƙa ɗiga lemon a cikin na kanwar a hankali, ana kaɗawa, har jan ya dawo. A rubuta abin da aka gani da dalilinsa a shafi ɗaya, yadda ƙanwarka 'yar aji huɗu za ta karanta ta gane, kuma a gaya mana sunan da aka ba launin kofi na uku, don mu a nan mun yi gardama a kansa har aka kira Magariba ba mu daidaita ba.